Inna, Ɗanki Ba Ya Dawowa Da Wuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabin da ya kamata daga 'ya zuwa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Ni ce Rakiya, matar ɗanki, wadda kika yi shekara goma sha ɗaya kina kira Amarya, har na haifi biyu ba ki sauya min suna ba.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Ko da kina raye ma ba kya karanta boko, sai dai in zauna a gefen tabarmarki in karanta miki. Maza suna zuwa maƙabarta su tsaya a kanki su yi addu'a, ni kuwa ba na zuwa. Shi ya sa na rubuta a nan inda mutane za su gani. Masu karantawa su yi min uzuri, ba da su nake ba. Da ke nake.

Yara suna lafiya. Hanifa tana aji shida, ta kusa kamo ni a tsawo. Khalifa shekararsa takwas, har yanzu ba ya son kuɓewa. Cikin da kika bar ni da shi, wanda kika ce mace ce tun yana wata huɗu, mace ce kuwa. An sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Akuyarki ta haihu sau biyu, an yi miki sadaka da ɗaya daga cikin 'ya'yan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗanki. Inna, ba ya dawowa gida da wuri. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Na rasa wanda zan gaya wa ya gane nauyin maganar, sai ke.

Kin tuna yadda gidan nan yake bayan isha'i. In shimfiɗa miki tabarma a ƙofar ɗakinki, ki jingina da bango, rediyonki a gefe ana ta labarai ba kya saurare. Da an idar da sallah a masallacin layinmu, ba a jimawa sai mu ji babur ɗinsa a zaure. Ba ki taɓa faɗin sunansa ba tunda ɗan fari ne. Na Tasha kike ce masa, saboda a Gagarawa Tasha kika haife shi kafin ku dawo Gumel. Ya tsuguna ya gaishe ki, ya ajiye miki fararen goro biyu, in kawo masa tuwo ya ci a nan gabanki. Ki tambaye shi yadda zoɓo ya tashi a Maigatari, ko riɗin bana ya yi kyau, wa ya rasu, wa ya aurar. Ya yi ta zuba miki labari, yana kwaikwayon maganar mutanen Damagaram masu kawo masa kaya, kina dariya har tari ya sarƙe ki. Hanifa tana matsa miki ƙafa, Khalifa ya yi barci a cinyarsa.

Sau ɗaya na san ya kai sha ɗaya a waje, ranar walimar wani abokinsa. Ya shigo ya tarar da ke zaune kina gyangyaɗi, kin ƙi shiga ɗaki. Kika ce, “Na Tasha, ni fa ba na iya barci sai na ji an shigo da babur ɗin nan. In kana so in riƙa kwana a zaune, to.” Bai ƙara ba.

Na zo gidan nan daga Sule Tankarkar ina da shekara goma sha tara, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. An yi ta tsorata ni da zama da uwar miji. Ranar da na fara yi muku tuwo ya yi gudaji, na ɓuya a kicin ina kuka. Kika shigo kika karɓi muciyar, kika tuƙa wani, kika ce in kai masa in yi shiru. Tun daga ranar na san na samu uwa.

Ranar Alhamis kika tafi, ranar kasuwar Maigatari. Yana can yana lodin zoɓo a motar da za ta Kano. Bayan magariba ƙirjinki ya riƙe. Malam Idi maƙwabcinmu ya fita neman mota, ni kuma ina riƙe da ke da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kiran wayar ɗanki. Sau bakwai na kira, tana shiga ba a ɗauka. Kafin motar ta iso kin cika a jikina. Shi kuwa sai wajen sha ɗaya ya iso, ya tarar da mutane cike a ƙofar gida.

Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi duk abin da ake yi, mutane suna ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Da hannunsa ya rufe ɗakinki ya sa kwaɗo. Har aka yi sadakar arba'in yana dawowa gida kamar yadda ya saba, sai dai ya wuce ɗaki kai tsaye, a can zai ci abinci.

Bayan arba'in abin ya fara. Da fari goma. Ya ce kasuwa ce, na ce Allah Ya taimaka. Sai sha ɗaya, ya ce suna majalisa wurin mai shayi. Sai sha biyu, ya ce ƙwallo aka buga. Kafin in haifi Ummi ya koma ɗaya, wata rana biyu. Ina da tsohon ciki nake tashi in zare masa sakata, in tsaya riƙe da fitila ya shigo da babur. Ya ce sannu, in ce sannu. Shi ke nan hirar ranar.

Na sayi babbar kula mai riƙe zafi, saboda na gaji da hura wuta tsakar dare. Wata rana ya ci loma uku, wata rana ya ce ya ci a waje. Da safe in ɗumama wa yara. Kin san shi da ɗanwake. Na yi ta yi masa ko zai ji daɗi ya dawo da wuri washegari, amma ɗanwake ba ya jira, kafin ya zo ya sandare. Na daina.

Kar ki ɗauka na yi shiru ne. Na yi masa magana da laushi, na yi masa da kuka, sau ɗaya ma na ɗaga murya, Allah Ya yafe min. Ba ya faɗa. Da zai yi faɗa da na ji sauƙi. Sai dai ya sunkuyar da kai ya ce, “To, na ji, Maman Hanifa.” Washegari ƙarfe ɗaya.

Da abin ya ishe ni na goya Ummi na shiga mota zuwa Gagarawa Tasha wurin Kawu Ado, ƙaninki, tunda shi ne babban da ya rage. Ya karɓe ni da mutunci, aka dama min fura. Da na gama bayani ya tambaye ni ko yana dukana, na ce a'a. Ko ya bar mu da yunwa, na ce a'a. Sutura fa, makarantar yara fa? Na ce duk yana yi. Sai Kawu ya ce, “To 'yata, ai ke kina cikin masu sa'a. Namiji da fita aka san shi. Ki ƙara haƙuri.” Ya ce zai kira shi, kuma na san ya kira. Kwana biyu ɗanki ya dawo sha ɗaya, a na uku ya koma yadda yake.

A motar dawowa na yi ta kallon gonakin gero ta taga, ina tambayar kaina ko ni ce mai butulci. Abin da ke damuna ba shi da sunan da zan faɗa a gaban manya su gyaɗa kai. Buhun gero yana nan, mai yana nan, sabulu yana nan. Mutumin ne babu.

Daga baya shi da kansa ya kawo mai walda aka sa wa ƙofar zaure makulli irin wanda ake buɗewa ta waje. Ya ce don in huta da tashi. Na ce na gode. Inna, ranar na fi kowace rana kuka. A da ko ba komai ina ganin fuskarsa a hasken fitila, mu yi sannu da sannu. Tun da aka sa makullin nan sai dai in ji motsinsa cikin barci. Ya yi asuba ya koma ya kwanta, yara su tafi makaranta yana barci. Ranar Alhamis kuwa kafin gari ya waye ya kama hanyar Maigatari.

Malamar su Hanifa ta aiko a kira ni, wai tana barci a aji. Na tsare ta da tambaya, ashe ba ta runtsawa sai ta ji Abbanta ya shigo. Ta ce tana tsoron ya faɗi a babur a kan hanya ba wanda ya sani. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana kwana da irin wannan tunani, ina ɗaki ɗaya da ita ban sani ba.

Ummi kuwa ba ta san shi ba. Wata Juma'a da rana ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta tsala ihu ta ruga bayana, kamar yadda take yi wa baƙi. Ya yi 'yar dariya ya ce ƙiwa gare ta. Amma na ga yadda ya tsaya yana kallon hannuwansa kafin ya sa su a aljihu.

Ni kuma, in na kwantar da su, sai in fito tsakar gida in zauna. Ba na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinki, a bakin rijiya nake zama. Ina jin maƙwabta ta katanga, Malam Idi da matarsa Hajara suna gardamar wanda ya bar awaki suka ci shanya. Wallahi har gardamar nan nake sha'awa. Wani lokaci abu ya faru da rana, in ce bari in gaya wa Inna, sai in tuna. In ce to bari ya dawo in gaya masa, kafin ya dawo maganar ta huce, ni ma na manta daɗinta.

Abin da ya tone maganar Khalifa ne. Ya haɗa izu biyar a Islamiyya, malaminsu ya ba shi kyautar farar hula. Kwana uku yana yawo da ita a hannu, ya ƙi sawa, wai sai Abba ya fara gani. Daren farko ya yi barci a zaure yana jira, na ɗauke shi. Na biyu ma haka. A na uku, bayan isha'i ina wanke wa Ummi jiki, na fito ban gan shi ba.

Na duba ɗaki, na duba banɗaki, na leƙa har rijiya. Hajara ta shigo, Malam Idi ya ɗauki tocila ya bi layi-layi. Na kira wayar ɗanki, a kashe. Awa biyu, Inna. Ban san irin addu'o'in da na yi ba. Hanifa ta maƙale a jikin ƙofa tana ta leƙen hanya.

Wajen sha ɗaya aka yi sallama. Mai shayin bakin titi ne, riƙe da hannun Khalifa, hular tana ɗaya hannun. Ashe majalisar ya tafi neman ubansa, da bai gan shi ba ya zauna a ƙarshen benci yana jira, ba wanda ya lura da shi sai da aka fara watsewa. Na yi wa mutumin godiya ta bayan ƙofa, na ce ai na ɗauka Abban nasa yana wurinku. Sai ya ce, “Ai Alhaji ya daɗe ba ya zama da mu. Ya sha shayi ya tashi, tara ba ta yi masa a wurina.”

Ban daki Khalifa ba. Na rungume shi har ya ce ina matse shi. Amma maganar mai shayi ta tsaya min a ƙirji. In ba ya majalisa, daga tara zuwa ɗaya ina yake?

Na yi tunanin da kowace mace za ta yi. Ba zan ɓoye miki ba, na lalube aljihunsa, na shinshina rigarsa. Ban ji komai ba sai tsamin zoɓo da gumi. Na yi tunanin caca, na yi tunanin shaye-shaye, na riƙa kallon idonsa ranar Juma'a ko zan ga alama. Kwana goma ban ci abincin kirki ba. Har na fara ninke kayana a ƙasan akwati, ina cewa in aka yi hutun makaranta zan kwashi yara mu tafi Sule Tankarkar, in ya so duk abin da zai faru ya faru.

Kin san Yaya Sale, wana mai acaba, wanda in ya kawo fasinja Gumel yake biyowa ya gaishe ki ki ba shi ƙuli-ƙuli. Shi na gaya wa. Da fari ya ƙi, ya ce bin sawun miji ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Da ya ga yadda na rame sai ya ce zai kwana biyu a garin. A rana ta uku ya zo ya zauna a zaure, ya daɗe yana juya makullin babur a hannu. Ya ce, “Rakiya, babu mace, babu caca, babu komai. Sitonsa na zoɓo da ke bayan kasuwa yake shiga ya turo ƙofa, shi kaɗai. Sauran ba zan iya faɗa ba, gara ki gani da idonki.”

A daren na roƙi Hajara ta zauna da yara. Na sa dogon hijabi na hau bayan Yaya Sale. Tun da aka kawo ni Gumel ban taɓa fita a irin wannan lokaci ba, kuma ban nemi izini ba. Na san da kina nan da kin yi min faɗa. Bayan kasuwa duhu, duk shaguna a rufe, sai karnuka. Babur ɗin ɗanki yana jingine a jikin sito. Yaya ya tsaya nesa, na ƙarasa ni kaɗai.

Kafin in taɓa ƙofar na ji muryarki.

“Na Tasha, in ka tashi ka taho min da man zafi, gwiwar nan ta motsa. Kuma kar ka yi gudu a hanya.”

Na tsaya ina saurare. Saƙon murya ne, irin wanda kike sa Hanifa ta danna miki waya ki yi masa. Ya ƙare, ya sake farawa. Ya ƙare, ya sake farawa. Na tura ƙofar. Yana zaune a kan buhunan zoɓo, ya cire hula, babu fitila sai hasken wayar a fuskarsa. Ashe layin yake rufewa don kar a kira shi, wayar tana kunne.

Ya ɗago ya gan ni. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce, “Wa ke wurin yara?” Na ce Hajara. Ya gyaɗa kai. Na samu wani buhu na zauna.

Can ya ce, “Na ga kiranki ranar. Duk bakwai ɗin na gani. Na ɗauka cefane ne. Na ce bari a gama ɗaure motar in kira.” Ya ce tun daga ranar, in ya shigo gida ya ga ƙofar ɗakinki, sai ya ji kamar kina ciki kina tambayar inda ya tsaya. Ya ce ba ya iya wucewa ta wurin sai ya gaji liƙis, gajiyar da ba za ta bar shi ya ɗaga kai ba. Sannan ya tambaye ni abin da bai taɓa tambaya ba a shekara biyu. Ya ce, “Ta neme ni?”

Na so in ce a'a don in sauƙaƙa masa. Amma ban iya yi miki ƙarya ba. Na ce sau uku kika tambaya ko ya dawo, idonki yana kan ƙofar zaure. Na kuma gaya masa sauran, yadda kika ga ina ta danna waya, kika kama hannuna kika ce, “Amarya, ƙyale shi, yau Alhamis, lodi yake. Kar ki tayar masa da hankali ya yi gudu.” Bayan wannan ba ki ƙara cewa komai ba sai salati.

Inna, ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba. Ya kifa kansa a gwiwa, har Yaya Sale ya matso ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya koma. Na bar shi ya yi. Da ya lafa, abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na ce masa ɗansa ya ɓata awa biyu yana nemansa da hula a hannu, bai ma sani ba. Na ce 'yarsa ba ta barci, ƙaramar kuma tana gudunsa. Na ce, “Abban Hanifa, wadda ta tafi ta tafi, Allah Ya ji ƙanta. Mu huɗu muna nan da ranmu, kuma mu ma ƙofar nan muke kallo.” Ya miƙe. Ya rufe sito, ya ce wa Yaya Sale ya je ya huta, ya ɗauko ni a babur ɗinsa. Rabon da in hau bayansa har na manta.

Da ina so in burge masu karantawa da na ce daga ranar komai ya gyaru. Bai gyaru ba. Ya yi sati guda yana dawowa bayan isha'i. Ya sa wa Khalifa hularsa da hannunsa, a hutu kuma ya tafi da shi Maigatari ya nuna masa raƙuma, yaron ya yi kwana uku ba ya maganar komai sai raƙuma. Hanifa ta fara barci. Na mayar da kayana cikin durowa. Amma bayan satin sai ya fara zamewa. Yanzu wata rana tara, wata rana sha ɗaya, wata rana har ɗaya. Bambancin kawai na san inda yake. Sanin ya cire min zargi, bai cire min kaɗaici ba.

Akwai kuma abin da na gano a satin nan da ya zauna, wanda ya fi komai ba ni tsoro. In yara suka kwanta, ya rage ni da shi a tsakar gida, ba mu da abin cewa. Ya tambayi gero ko ya kusa ƙarewa, in ce da saura. In tambayi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi. Sai shiru. Ashe duk shekarun nan ke yake ba labari, ni ina gefe ina saurare ina dariya. Ni ma ke nake gaya wa duk abin da ke raina, shi ya ji a bakinki. Ke ce kike tsakaninmu, ba mu sani ba. Mun haifi 'ya'ya uku, amma ba mu taɓa koyon hira mu biyu ba. Yanzu muna koyo, da girmanmu, kuma ba mu iya ba.

Shekaranjiya ya dawo wajen tara da rabi. Ya ci abinci a tsakar gida, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon ƙasa. Na tashi zan kwashe kwanuka sai ya ce in zauna. Ya gyara zama, ya fuskance ni sosai, kamar yadda ake yi in an je gidan rasuwa. Ya ce, “Rakiya, mutane sun yi ta zuwa suna yi min gaisuwa, kina kicin kina dafa musu abinci. Ni ban taɓa yi miki ba. Ya haƙurin rashin Inna?”

Na buɗe baki in ce da godiya, kamar yadda ake cewa. Kuka ya riga maganar fitowa. Sai a lokacin na san shekara biyu ina jiran wani ya san cewa ni ma uwa na rasa. Na yi kuka har hijabina ya jiƙe, yana zaune bai hana ni ba, bai kuma tashi ba. Da na gama ya ce Allah Ya ji ƙanta, na ce amin.

Jiya ya dawo goma. Yau ga shi sha biyu ta wuce, bai shigo ba. Ban san gobe ba. Ba na so in yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna. Abin da zan iya cewa shi ne ina nan, jikokinki suna hannuna, kuma ɗanki ba mugu ba ne. Kewarki ce ta fi ƙarfinsa, ni ma ta kusa fin nawa.

Inna tawa, na yi kewarki. Na yi kewar faɗanki in na cika gishiri, da yadda kike kiran sunan da ba nawa ba in amsa da gudu. Ki yafe min fitar da na yi da dare. Ki yafe min tona cikin gidanki da na yi a gaban mutane, nauyin ne ya yi min yawa.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa ki da iyayenki da mahaifiyata. Allah Ya sanyaya zuciyar ɗanki, Ya tsare shi a kan hanya, Ya nuna masa cewa kin yafe masa tun kafin ya nema. Allah Ya raya Hanifa da Khalifa da Ummi, Ya sa su tashi sun san fuskar ubansu. Duk matar da ke zaune a daren nan tana sauraren motsin ƙofa, Allah Ya ba ta wanda za ta gaya wa. Amin.

Wassalam.

'Yarki,
Rakiya,
daga Gumel.